Scoop ko A Handful of Dust: Da Wanne Ya Kamata a Fara Karanta Evelyn Waugh?

Wanda ya yi niyyar karanta Evelyn Waugh, marubucin Ingila da ya yi fice wajen yi wa masu kuɗi da masu faɗa a ji na ƙasarsa zambo ta hanyar ƙagaggun labarai, zai tarar da littattafai fiye da goma a gabansa, kuma ba kowanne daga cikinsu ne ya dace a fara da shi ba. Wanda ya fi shahara shi ne Brideshead Revisited na 1945, sai dai a cikinsa Waugh ya sassauta zambo, ya karkata ga begen zamanin da ya shuɗe da kuma sha'anin addini, saboda haka wanda ya fara da shi ba zai ga kaifin alƙalamin da ya ɗaga sunan marubucin tun farko ba. Littattafai biyu ne suka fi cancanta a yi zaɓi a tsakaninsu, wato A Handful of Dust na 1934 da Scoop na 1938. A jerin ƙagaggun labaran Turanci 100 mafi inganci na ƙarni na 20 da kamfanin Modern Library na Amurka ya fitar a 1998, na farkon ya zo na 34, na biyun kuma ya zo na 75, amma wannan jeri bai warware wa mai karatu matsalarsa ba, domin littafin da ya fi inganci ba lallai ne ya zama shi ya kamata a buɗe da shi ba.

Littattafan biyu sun fito ne kai tsaye daga abubuwan da suka sami marubucin, don haka sanin rayuwarsa yana sauƙaƙa zaɓin. An haifi Waugh a Landan ranar 28 ga Oktoba 1903. Mahaifinsa, Arthur Waugh, shi ne shugaban kamfanin buga littattafai na Chapman and Hall, kamfanin da ya buga yawancin ayyukan Charles Dickens, shahararren marubucin ƙagaggun labarai na Ingila, kuma mutum ne da ya saba karanta wa iyalinsa littattafai da babbar murya a gida. Waugh ya yi karatu a makarantar Lancing, ya shiga Jami'ar Oxford a 1922, ya bar ta a 1924 ba tare da ya karɓi digiri ba, sannan ya yi aikin koyarwa a wata makarantar kwana a arewacin Wales, aikin da ya tsana ƙwarai amma ya samo daga cikinsa kayan ƙagaggen labarinsa na farko, Decline and Fall, wanda ya fito a 1928. A wannan shekarar ya auri Evelyn Gardner, a 1929 kuma ta shaida masa cewa zuciyarta ta koma ga wani mutum mai suna John Heygate, auren ya mutu, kuma a watan Satumba na 1930 Waugh ya shiga ɗariƙar Katolika. Daga nan ya shafe shekaru ba shi da tsayayyen gida, yana tafiye-tafiye yana rubutu: ya je Habasha a 1930 domin aika wa jaridar The Times labarin naɗin sarautar Haile Selassie, ya ratsa dazukan Guyana, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Birtaniya, har ya kai garin Boa Vista na Burazil a 1933, sannan ya koma Habasha a 1935 a matsayin wakilin Daily Mail lokacin da Italiya ke shirin mamaye ƙasar. Mutuwar auren da tafiyar Guyana su suka haifi A Handful of Dust, zuwan Habasha na 1935 kuma shi ya haifi Scoop.

Scoop labari ne na kuskuren suna. Wani marubuci mai suna John Boot ya roƙi wata mace mai hanya a wurin manya ta sa baki a tura shi wakilcin yaƙi a wata ƙasar Afirka ta gabas da Waugh ya ƙirƙira ya kira Ishmaelia. Mai jaridar Daily Beast, Lord Copper, ya ba da umarni a ɗauki Boot, editocinsa kuwa Boot ɗaya suka sani, wato William Boot, wani saurayi mazaunin karkara da ke rubuta musu ɗan fili a kan tsuntsaye da dabbobin daji. Da aka kira William zuwa Landan ya ɗauka korarsa za a yi, domin 'yar'uwarsa ta yi masa wasa ta sauya sunan dabbar da ya yi rubutu a kanta da sunan wani tsuntsun ruwa, kuma haka aka buga. Maimakon kora sai aka tura shi fagen yaƙi da tarin kayan da ba su da amfani, har da kwalekwale mai naɗewa da sanduna masu tsage a kai na ɗaukar wasiƙa. Wannan tarin kaya ba ƙirƙira ba ce zalla, domin wani matashin wakilin jaridar Morning Post, William Deedes, wanda daga baya ya zama editan Daily Telegraph, ya sauka Addis Ababa a 1935 da kaya masu yawan gaske, kuma mutane da dama sun ɗauka daga gare shi aka samo wani ɓangare na William Boot.

Ƙarfin littafin yana cikin yadda ya tona asirin sana'ar jarida daga sama har ƙasa. Lord Copper, wanda masu nazari kan alaƙanta da manyan masu jaridun zamanin irin su Lord Beaverbrook na Daily Express da Lord Rothermere na Daily Mail, ya riga ya tsara wa wakilinsa yadda yaƙin zai gudana da ɓangaren da zai yi nasara tun kafin wakilin ya bar Landan. Editan labaran ƙasashen waje, Mista Salter, ba ya iya ce wa maigidansa a'a, don haka idan maigidan ya faɗi abin da ba daidai ba sai ya amsa da cewa haka ne amma zuwa wani mataki, kuma wannan amsa ta shiga bakin Turawan Ingila har yau. Wakilan da suka taru a babban birnin Ishmaelia ba su ga yaƙi ba, amma ofisoshinsu suna matsa musu da tangaraho, saboda haka kowa yana leƙen abin da ɗan'uwansa ya aika, kuma idan ɗaya ya ƙirƙiri labari sauran sukan ga ya fi musu sauƙi su tabbatar da shi a kan su ƙaryata shi. An ba da labarin wani shahararren wakili Ba'amurke da barci ya kwashe shi a jirgin ƙasa, ya sauka a babban birnin wata ƙasa da ba ita aka tura shi ba, ya aika da rahoton juyin juya halin da bai faru ba, kuma rahoton ya girgiza ƙasar har juyin juya halin ya auku da gaske. Daga baya gwamnatin Ishmaelia ta kawar da dukkan wakilan daga birnin ta hanyar tura su wani gari mai suna Laku, wanda yana kan taswira amma babu shi a ƙasa. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan littafi ji ne ya kori gani, kuma William, wanda bai san sana'ar ba balle ya bi ayarin, shi kaɗai ya rage a birnin lokacin da aka kifar da gwamnati, ya zama shi ke da labarin da kowa ya rasa.

Waugh ya san wannan duniya daga ciki, kuma ya san ta ne a matsayin wanda bai yi nasara a cikinta ba. Yana wajen Addis Ababa lokacin da babban labarin wannan kaka ya fashe, wato yarjejeniyar haƙar mai da ma'adinai da wani ɗan kasuwa Bature mai suna Francis Rickett ya ƙulla da Sarki Haile Selassie, wasu wakilan suka riga shi aikawa, kuma kafin shekarar ta ƙare shi da Daily Mail sun raba gari.

Akwai abin da mai karatu ɗan Afirka ya kamata ya sani kafin ya buɗe Scoop, kuma ba daidai ba ne a ɓoye shi. Waugh ya goyi bayan Italiya a wannan yaƙi. Sojojin Mussolini, shugaban gwamnatin Italiya na lokacin, sun shiga Habasha ranar 3 ga Oktoba 1935, sun yi amfani da iskar guba a kan mutane, sun kama Addis Ababa a watan Mayu na 1936, amma a littafin tafiyarsa mai suna Waugh in Abyssinia, wanda ya fito a wannan shekarar, ya yaba wa mamayar a matsayin shigowar tsari da wayewa, har marubuciya Rose Macaulay ta kira littafin takardar farfagandar 'yan Fasist, wato mabiya aƙidar Mussolini. Wannan raini ya biyo shi cikin Scoop. Ya buɗe tarihin Ishmaelia da cewa mutanen ƙasar sun cinye duk Turawan da suka fara shiga cikinta, ya mai da masu mulkinta zuriyar wani baƙar fata daga Alabama da suka raba muƙamai a tsakaninsu, kuma babu wani ɗan ƙasar ko ɗaya da aka bari mai karatu ya shiga zuciyarsa. Masu kare Waugh sukan ce bai bar kowa ba, Turawan ma ya fi yi musu kaca-kaca, kuma akwai gaskiya a wannan magana, sai dai akwai bambanci: wautar Lord Copper tasa ce shi kaɗai, wautar mutanen Ishmaelia kuwa an shafa ta ne ga al'umma gaba ɗaya. Abin da ya sa duk da haka nake ganin littafin ya cancanci karatu shi ne cewa ya nuna, fiye da yadda marubucin kansa ya nufa, yadda ake ƙera labarin Afirka a ofisoshin da ke nesa da ita domin biyan buƙatar masu jarida, kuma duk wanda ya taɓa jin rahoton wata kafar waje a kan garinsu ya kasa gane garin zai fahimci abin da ake nufi.

A Handful of Dust wani abu ne daban, kuma dariyar da ke cikinsa ba ta daɗewa a baki. Tony Last mutum ne mai gaskiya da sauƙin kai, wanda ya ɗora dukkan ransa a kan gidan gadonsu, Hetton, wani katafaren gini a karkara da ke cinye kuɗin shigarsa. Matarsa Brenda ta gaji da zaman karkara, ta kama ɗaki a Landan da sunan tana karatun tattalin arziki, ta shiga soyayya da John Beaver, saurayin da ba shi da sana'a ba shi da wata daraja, wanda ke rayuwa da gayyatar cin abinci a gidajen mutane. Duk abokansu sun sani, duk suna jin daɗin zancen, Tony kaɗai ne bai sani ba. Sai ɗansu ƙwaya ɗaya, John Andrew, ya mutu a hatsarin doki ranar farauta. Da aka kai wa Brenda labari cewa John ya mutu ta ɗauka masoyinta ne, da ta gane ɗanta ne sai godiya ga Allah ta kuɓuce daga bakinta kafin ta ankara. Waugh bai ƙara ko kalma ɗaya ta sharhi a kan wannan ba, kuma a nan ne gwanintarsa take: ba ya tsayawa ya yi wa'azi, yakan bar maganar mutum ta kama shi. A daidai wannan lokaci Tony yana zaune a Hetton yana jiran a isar da saƙon, ya rasa abin da zai yi da kansa, har wata baƙuwa ta ja shi wasan kati na yara wanda ake kwaikwayon kukan dabbobi a cikinsa. Ban san wani wuri a rubutun Waugh da baƙin ciki ya fito fili kamar wannan ba, kuma ya fito ne ba tare da an ambaci sunansa ba.

Sashen da ke biye yana buƙatar ɗan bayani ga wanda ya saba da hukuncin saki a shari'ar Musulunci. A Ingila ta wancan lokaci kotu ce kaɗai ke raba aure, kuma kafin gyaran dokar da aka yi a 1937 kusan hujja ɗaya ce ake karɓa, wato zina. Saboda haka al'ada ta kafu a tsakanin masu hali cewa miji, ko da shi aka ci amana, shi zai ɗauki laifin domin ya kare sunan matarsa: ya ɗauki wata mace haya, ya kai ta otal a garin Brighton na bakin teku, ya shirya masu bincike su gan su tare. Tony ya yarda ya yi haka, matar da ya ɗauka kuma ta zo da ƙaramar 'yarta, abin ya zama abin dariya da ban tausayi a lokaci guda. Bayan ya sha wannan wulaƙanci sai dangin Brenda suka nemi ya riƙa biyanta fam 2,000 a shekara, kuɗin da ba zai samu ba sai ya sayar da Hetton, wato ya sayar da gidan kakanninsa domin Beaver ya sami abin auren matarsa. A nan ne kawai Tony ya ce a'a. Ya bi wani mai yawon bincike zuwa dazukan Burazil neman wani tsohon birni da ya ɓace, abokin tafiyar ya nutse a ruwa, zazzaɓi ya kama Tony, wani dattijo mai suna Mista Todd ya cece shi. Todd bai iya karatu ba, amma ya gaji littattafan Dickens daga mahaifinsa, kuma yana son a karanta masa su kullum. Da masu neman Tony suka iso, Todd ya riga ya ba shi abin sa barci, ya miƙa musu agogonsa, ya nuna musu wani kabari, suka koma Ingila da labarin mutuwarsa.

Wannan ƙarshe shi ne aka fara rubutawa. Waugh ya gamu da wani makiyayi mai tsananin ruɗun addini a cikin dajin Guyana, ya rubuta gajeren labari a kan mutumin da aka tsare yana karanta Dickens, ya buga shi a 1933, daga baya kuma ya so ya gano yadda irin wannan fursuna ya kai ga wannan hali, sai littafin ya tsiro daga ƙarshensa zuwa farkonsa. Abokinsa marubuci Henry Yorke ya ga cewa sashen daji ya fita daga gaskiyar da sauran littafin ke kai, Waugh kuwa ya amsa cewa manufarsa ita ce ya nuna mutum mai riƙe da tsohuwar ɗabi'a a hannun marasa tausayi iri biyu, na Landan da na daji. Ina ganin Waugh ne ke da gaskiya a wannan saɓani, domin zaluncin Todd da na su Beaver iri ɗaya ne: kowannensu yana amfani da Tony cikin ladabi da murmushi, ba tare da ya ɗauka yana aikata wani laifi ba. Wanda ya tuna cewa mahaifin marubucin ya shugabanci kamfanin da ke buga Dickens, kuma shi ma mai karanta wa mutane littafi da babbar murya ne, zai ga cewa azabar da aka zaɓa wa Tony ba daga nesa aka ɗauko ta ba. Nan ma raini bai ɓace ba, domin 'yan asalin dajin da suka yi wa matafiyan dako an kwatanta su ne kamar yara masu gudun abin wasa, sai dai wurin da suka ɗauka a littafin kaɗan ne, kuma nauyin tuhumar yana kan masu kuɗin Landan.

Idan aka zo ga sauƙin karatu, kowane littafi yana da nasa cikas. Turancin A Handful of Dust ya fi sauƙi a ido, domin yawancinsa hira ce gajera, da yawa ma ta wayar tarho, amma ma'anar tana ƙarƙashin maganar, kuma wanda bai san yadda masu hali na Ingila ke ɓoye ƙiyayya a cikin ladabi ba zai iya wuce wurare masu zafi bai ji komai ba. Scoop yana da kalmomin da suka fi wuya, musamman saƙonnin tangaraho da ake cure kalmomi biyu ko uku wuri guda domin rage kuɗin aikawa, da kuma salon rubutun William mai yawan ado wanda da gangan aka yi shi haka, amma abin da ake yi wa zambo a bayyane yake, ba ya buƙatar sanin al'adun Ingila. Maigida da ba a iya faɗa masa gaskiya, ma'aikaci da ke tsoron rasa abincinsa, lambar girma da ta tafi ga wanda bai yi aikin ba, duk waɗannan mai karatu zai gane su tun daga shafin farko. A ƙarshen littafin ma kuskuren sunan ya sake maimaituwa, lambar girma ta Sir ta faɗa hannun John Boot da bai taka Ishmaelia ba, William kuma ya koma karkararsa yana rubutu a kan dabbobi, wanda shi ne abin da yake so tun farko.

A kan wannan ne nake ganin ɗalibin aikin jarida, da ma'aikacin rediyo, da duk wanda ke bin labaran duniya yana son ya san yadda ake dafa su, ya fara da Scoop, haka ma wanda bai taɓa karanta marubutan Ingila na tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu ba, domin littafin zai koya masa yadda Waugh ke ajiye magana ya wuce ba tare da ya nuna ta da yatsa ba, kuma wannan sabo shi ne abin da ake buƙata kafin a ji zafin ɗayan. Wanda kuwa ya riga ya saba da adabin Turanci, ko wanda abin da ya dame shi shi ne aure da amana da abin da ke faruwa ga mutumin kirki idan kirkin nasa ba shi da wani ginshiƙi sai al'ada, ya tafi kai tsaye ga A Handful of Dust, wanda ba na shakkar cewa shi ne mafi girman littafin biyun. Idan kuma mutum ya san littafi ɗaya kawai zai karanta na wannan marubuci, to wannan ɗin ya ɗauka.

Akwai littafi na uku da sunan Afirka kan ja mutane zuwa gare shi, wato Black Mischief na 1932, labarin wani sarki da ya yi karatu a Oxford yana ƙoƙarin zamanantar da tsibirinsa na Azania. Ba na ba da shawarar a fara da shi, domin rainin da ke gefe a Scoop shi ne a tsakiya a can, har labarin ya ƙare da bikin cin naman mutum, kuma ko a lokacin fitowarsa editan jaridar Katolika ta The Tablet ya yi tir da shi, ko da yake a kan dalilan tarbiyya da addini ya yi hakan. Ga wanda ya zaɓi A Handful of Dust kuma, yana da kyau ya nemi bugun da ya haɗa da ƙarshe na biyu da Waugh ya rubuta wa mujallar Harper's Bazaar ta Amurka, wadda ta buga labarin kashi-kashi amma ba ta da izinin buga sashen Mista Todd. A wannan ƙarshen Tony bai shiga daji ba, ya dawo daga balaguron teku, ya karɓi Brenda bayan Beaver ya yasar da ita, sannan ya riƙe ɗakin nan na Landan a asirce domin amfanin kansa.